Akwatin Kaka a Mayo-Ulo

A garin Mayo-Ulo, wanda ake rubutawa Mayo-Oulo a takardun hukuma, tsakanin Gidar da iyakar Nijeriya ta wajen Mubi, akwai wani dattijo Bahaushe da ya ba shekara tamanin baya. Sana'arsa tun yana saurayi gyaran rediyo ce. A Garwa ya koye ta, ya yi ta a rumfar kasuwa fiye da shekara arba'in, har yana ta rufe masa ido ɗaya, ɗayan ma ya fara dushewa, sannan ya haƙura ya dawo zaure. A ƙarƙashin gadonsa akwai wani akwatin ƙarfe irin na 'yan makarantar kwana, wanda tsatsa ta ci gefensa. Ba a buɗe shi ba tun rasuwar uwargidansa. Yaran gida dai sun san kayan Kaka ne, ba a taɓawa.

Wata bazara, a tsakiyar watan Afrilu, lokacin da zafin wannan yanki kan haura maki 40 a ma'auni, wani saurayi ya iso garin a kan babur daga Garwa, yana bi gida-gida yana cigiyar tsofaffin fayafayai. Duk wanda ya tambaya sai ya nuna masa gidan mai gyaran rediyo. Ya yi sallama, aka shimfiɗa masa tabarma, aka kawo masa ruwan randa. An yi dace jikar dattijon tana gida. Ɗaliba ce mai nazarin kimiyyar harshe a jami'ar Marwa, ta zo hutu. Ita ta jawo akwatin, ita kuma ta fasa kwaɗon da dutse, don mabuɗin ya daɗe da ɓata.

"Baba, ni saye nake yi," in ji saurayin. "Akwai masu so a Turai. Ba zan ɓoye maka ba, ni ma riba nake nema."

"To ɗana, duba ka gani. Amarya, ki riƙa karanta mini duk abin da ya ɗauka, kada ya yi wa makaho wayo."

Haka yake kiranta tun tana goye, bisa wasan da ke tsakanin jika da kaka.

Abin da ke cikin akwatin kashi uku ne. A ƙasa akwai manyan fayafayan garmaho 11, baƙaƙe masu nauyi, kowanne cikin rigarsa ta takarda da gara ta fara lasa. Su ne masu juyawa sau 78 a minti ɗaya. Da wani irin ƙaro ake yin su, wanda ake samu daga wasu ƙwari a Indiya, kowane gefe bai cika wuce minti uku ba, in kuwa suka faɗi sai su tarwatse kamar tangaran. A bisansu akwai ƙananan fayafayai na roba wajen 30, masu juyi 45, irin waɗanda suka fara fitowa a 1949. Zafi ya tanƙware wasu har sun koma kamar ganyen da rana ta buga. A can sama kuma, cikin buhun leda, akwai kaset 64, mafi yawansu ba rubutu a jiki sai lamba da jan biro.

Kalmar faifai ita kanta abin tsayawa ce ga mai nazarin harshe. Tun kafin garmaho ya zo ƙasar Hausa faifai na nan a ɗakin kowace mace, ana rufe ƙwarya da shi, ana bakace da shi. Da Bahaushe ya ga baƙin abu mai faɗi, kewayayye, da layuka zagaye a jikinsa kamar saƙa, bai ari sunansa ba, sai ya miƙa masa sunan abin da ya sani. Na'urar kuwa, da yake ba ta da kama a gida, ya karɓe ta da sunanta, ya lanƙwasa shi ya zama garmaho. Kaset da rikoda ma aro ne. Yau har gajeren bidiyo da ke yawo a waya ana ce masa faifai, alhali ba shi da faɗi balle kewaye. Ma'anar ta bar siffar abu ta koma kan aikinsa na riƙe murya.

Saurayin ya yi kusan awa guda yana ɗaga fayafayan ɗaya bayan ɗaya, yana karkata su ga hasken ƙofa don ya ga ƙarzuwa. Daga bisani ya ware biyu ya ajiye kusa da gwiwarsa.

Na farko ƙaramin faifai ne na Hamad Kalkaba da ƙungiyar Golden Sounds. Kalkaba ɗan ƙabilar Musgum ne daga can arewa mai nisa, soja ne da ya kai muƙamin kanar, daga baya duniya ta san shi da shugabancin hukumar wasannin guje-guje da tsalle-tsalle ta Afirka. Tsakanin 1974 da 1975 ya yi 'yan waƙoƙi kaɗan tare da makaɗan rundunar da ke tsaron fadar shugaban ƙasa, inda ya ɗora kiɗan gargajiyarsu mai suna ganjal a kan kayan kiɗan zamani. Waƙoƙin sun kwanta fiye da shekara arba'in, sai a 2017 kamfanin Analog Africa na Samy Ben Redjeb, da ke Jamus, ya tattara su ya sake fitarwa. Wannan ƙungiya ta Golden Sounds ita ce ta yi Zangalewa a 1986, waƙar da amshinta ya sake zagaya duniya a bakin Shakira lokacin gasar cin kofin duniya ta 2010. Sake bugu bai karya darajar tsohon faifan ba. Sai ma ya ɗaga ta, domin wanda ya ji sabon ya so shi, shi ne zai tashi neman na asali ko nawa ne kuɗinsa.

Na biyu babban faifan garmaho ne mai tambarin Melodisc, bugun Landan, na ƙungiyar West African Rhythm Brothers. Dattijon ya ce wani ma'aikacin jirgin ruwa ne ya kawo garmaho gyara tun yana yaron shago a Garwa, a zamanin da jiragen kamfani ke hawowa Binuwai in ruwa ya cika da damina, su sauke gishiri da yadi su ɗebi gyaɗa da auduga. Mutumin ya bar garmahon da faifansa, bai sake dawowa ba. Shugaban wannan ƙungiya, Ambrose Campbell, an haife shi a Ikko a 1919, ya isa Ingila lokacin yaƙin duniya na biyu, ana kuma tuna shi da kiɗan da shi da abokansa suka yi a tsakiyar Landan ranar murnar ƙarewar yaƙi a Turai a 1945. A shekarun 1950 ƙungiyarsa tana kiɗa a unguwar Soho, inda makaɗan jaz na Ingila ke zuwa saurare, wani lokaci su shiga a yi tare.

Dalilin da ya sa faifai irin wannan ya yi kuɗi har dillali ya biyo shi Mayo-Ulo yana can a Landan. Kiɗan jaz ɗan asalin Amurka ne, baƙar fatar ƙasar ne suka haife shi a farkon ƙarni na 20. Da ya ƙetara zuwa Ingila, an daɗe ana yi wa makaɗan can kallon masu kwaikwayo. Kamfanoni kan buga faifansu kaɗan, da kuma kiɗan samari irin na Beatles ya mamaye kasuwa a shekarun 1960, sai aka daina waiwayarsu. Tubby Hayes, gwanin busa saksofon, ya ɗauki wasu kiɗe-kiɗe a 1969 don kamfanin Fontana, ba a fitar ba har ya rasu a 1973 yana da shekara 38. Zaren ya yi shekara hamsin a ajiye, sai a 2019 kamfanin Decca ya fitar da shi. Joe Harriott, ɗan Jamaika da ya zo Ingila a 1951 ya buɗe wa jaz sabuwar hanya, shi ma a 1973 ya rasu cikin talauci. Farfaɗowar sunayensu ta ɗauki lokaci. A 2002 mai gabatar da shirin rediyo Gilles Peterson ya tattaro wasu daga cikin kiɗe-kiɗen wancan zamani a kundi ɗaya mai suna Impressed, matasa suka ji abin da iyayensu suka yi watsi da shi. A 2018 kamfanin Jazzman ya sake buga fayafayai biyar da ƙungiyar Don Rendell da Ian Carr ta fitar tsakanin 1965 da 1969, waɗanda na asalinsu sun zama sai mai hannu da shuni.

Da aka shiga tono, sai aka tarar da 'yan Afirka a tsakiyar labarin. Guy Warren na Gana, wanda ya koma Kofi Ghanaba, ya yi faifai da su Rendell da Carr a 1969. Ginger Johnson, makaɗin ganga ɗan Nijeriya, ya yi aiki da Ronnie Scott, kuma faifansa na 1967 an sake buga shi a 2015. Kantin Honest Jon's na Landan ya fara wani jerin kundaye a 2002 kan kiɗan baƙar fatar da suka zauna a birnin, aka keɓe kashi na uku ga Ambrose Campbell. Wannan kanti ne kuma ya shiga ma'ajiyar kamfanin EMI da ke Hayes, ya zaƙulo fayafayan da Zonophone ya ɗauka a Landan tsakanin 1927 da 1929 don kasuwar Afirka ta Yamma, ya fitar da zaɓaɓɓu a 2008. Zonophone ya ɗauki murya a harsuna da dama, har da Hausa. Da yawa daga masu waɗannan muryoyi, sunan da aka buga a tsakiyar faifai shi kaɗai ya rage na labarinsu.

Duk wannan bai yiwu ba sai da aka sami ɗaki mai sanyi da ya adana zaren asali, da takarda a jikin kwali mai ɗauke da ranar ɗauka da sunayen makaɗa, sannan wani mai kishi ya zo da kuɗinsa. Inda takarda ta ɓata, ko da zare ya tsira, rabin aikin ya tafi.

Saurayin ya taya fayafayan nan biyu jaka sittin na sefa, sauran masu lafiya a haɗe jaka arba'in. Buhun kaset kuwa bai ko kwance bakinsa ba.

"Waɗannan ba su da kasuwa, Baba."

"Allah Sarki. To ka dawo bayan Juma'a biyu, in muna raye."

Da dare jikar ta tayar da magana. Ta san an daɗe ana neman kuɗin da za a yi wa Kaka aikin ido, ta kuma san jaka ɗari za ta rage nauyin da ke kan iyayenta, amma zuciyarta ba ta kwanta ba.

"Kaka, kada ka sayar. Tarihi ne fa. In ya tafi Turai ya tafi ke nan."

"Amarya, ɗazu ba ke kika nemo mini waƙar sojan nan a wayarki ba? Kafin in gyara zama kin samo ta."

"Ni ce."

"Ta Landan ɗin ma kin ce akwai irinta."

"Akwai."

"To abin da ke da 'yan'uwa a duniya ba maraya ba ne. Wanda yaron nan ya ƙi dubawa, shi ne ba shi da kowa sai ni."

A 1974 ya sayi rikoda a kasuwar Mubi, shekara goma sha ɗaya bayan kamfanin Philips ya fito da kaset. Tun daga lokacin ya zama mai ɗaukar murya na garin ba tare da kowa ya naɗa shi ba. Da yamma in Rediyo Garwa ta shiga shirin Hausa, yakan kara rikodar a bakin rediyo ya danna. In ana suna ko biki, a kira shi. Ya ɗauki 'yan algaita a ƙofar fada ranar Salla, ya ɗauki matan Fali suna waƙa ranar kasuwa ko da yake ba ya jin abin da suke faɗi, ya kuma ajiye kaset-kaset ɗin saƙo da ƙanensa ke aikowa daga Sudan, a zamanin da wanda bai iya rubutu ba kan zauna gaban rikoda ya gaishe da dangi ɗaya bayan ɗaya.

Bai san cewa irin aikinsa ne ya ceci wani sashe na jaz ɗin Ingila ba. BBC, duk da girmanta, ta shafe ɗimbin shirye-shiryenta na da don a sake amfani da zaren, saboda tsadarsa a lokacin. Abin da ya tsira sau da yawa a gidajen masu saurare aka same shi, waɗanda suka kara na'urarsu a bakin rediyo kamar yadda dattijon Mayo-Ulo ya yi. A gidan kiɗa na Ronnie Scott, wanda aka buɗe a 1959, wani ɗan jarida mai suna Les Tomkins ya riƙa zuwa da rikodarsa a shekarun 1960, kuma daga zarensa aka fitar da fayafayai bayan shekaru masu yawa. A kusa da gida ma haka ne. Mamman Sani na Nijar ya ɗauki kiɗansa na ogan a 1978, kaset ɗin bai yaɗu ba, sai da Christopher Kirkley na Sahel Sounds ya ci karo da shi a wata ma'ajiya a Yamai, aka sake buga shi a 2013. A Gini, Graeme Counsel ya kwafe waƙoƙi sama da 9,000 daga ma'ajiyar rediyon ƙasar tsakanin 2008 da 2013, da tallafin wani shiri na babban ɗakin karatun Birtaniya. Ita kanta Garwa ta haifi Eldridge Mohammadou, masanin tarihin da ya yi shekaru yana zagaya fadojin arewacin Kamaru da rikoda yana ɗaukar bakin dattawa, ya rasu a Maiduguri a 2004.

Sai dai zaren kaset ba ya jiran kowa. Roba ce siririya da aka shafa wa garin ƙarfe, murya kuwa tana kwance ne a yadda maganaɗisu ya jera wannan gari. Laimar damina kan sa masa fumfuna, zafin bazara kan sa ya manne da juna, na'urorin da ke karanta shi kuma sai ƙarewa suke yi, ba a ƙera kayan gyaransu kamar da. A 2019 hukumar UNESCO da ƙungiyar ma'ajiyoyin sauti ta duniya suka yi gargaɗi kan haka. Jikar ta taɓa jin wannan a aji, kuma jin ne ya sa ta gaggawa. Washegari tun Kaka na masallaci ta aro wata tsohuwar rikoda a maƙwabta, ta zura kaset mai lamba 7, ta danna. Muryar namiji ta fito tana sallama, ta yi kamar daƙiƙa goma, sai ta fara ja kamar mai jin barci, sannan shiru. Da ta buɗe, zaren ya naɗe a jikin ƙarfe, ya tattare, ya tsinke wuri uku. Saƙon ƙarshe ne da ƙanen Kaka ya aiko kafin rasuwarsa.

Dattijon bai yi faɗa ba. Ya karɓi tarin zaren ya shafa shi da yatsa, ya daɗe bai ce komai ba.

"Sauri ya haifi nawa, Amarya. Kawo mini jakar kayan aikina."

Kwana uku suka yi a kan rikodarsa ta da, shi yana lalube yana ba da umarni, ita tana zame masa ido. Suka canza bel ɗin roba da ya narke, suka goge bakin da ke karanta zare da auduga. Ya koya mata ta fara juya kowane kaset da biro a hankali daga farko har ƙarshe kafin ta kusantar da shi ga na'ura, in ta ji ya cije ta tsaya. Wanda kwansonsa ya fashe, su kwance shi su mayar da zaren cikin wani. Ta haɗa rikodar da kwamfutarta da waya, domin ta lura in ta kara wayar hannu a bakin lasifika, kukan awaki da na zakara duk shiga suke yi. Daga kaset mai lamba 7 sun ceto kamar sulusi.

A kaset mai lamba 19 ne karatun ajinta ya yi mata rana. A gidan akwai wani littafin rubutu da baffanta ya cika tun yana ɗan makaranta a Mubi, inda ya koyi rubutun boko na Hausa. A ciki ya kwafe wani ɓangare na labarin da goggon Kaka ta bayar a 1976, tana tsohuwa tukuf, kan asalin gidansu. Akwai layin da kowa a gidan ya haddace: kakanta ya taso daga Kano, ya biyo ta Yola, ya sauka Garwa da baba. Shekara da shekaru ana karanta shi da ma'anar cewa mahaifin goggo a Kano aka haife shi, aka zo da shi yana yaro. Da muryar tsohuwar ta fito daga lasifika, jikar ta mayar da wurin baya har sau huɗu. Baba na mahaifi gaɓarsa ta farko karin ƙasa gare ta, ta biyu karin sama, wasalin ƙarshe kuma gajere. Abin da goggo ta faɗa gaɓoɓinsa biyu duk karin sama ne, wasulan duk dogaye. Baban rini take nufi. Kakan marini ne, da kayan sana'arsa ya iso tun kafin Jamusawa su ci Garwa a 1901. Can gaba, a wurin da baffa ya gaji bai kwafa ba, tsohuwar ta faɗa da bakinta cewa a bakin Binuwai aka yanke wa mahaifinta cibiya.

Rubutun boko na yau da kullum ba ya nuna karin sauti, ba ya nuna tsawon wasali. Mai harshe kan cike gurbin daga ma'anar jimla, yawanci kuma yakan dace. Inda jimla ta karɓi ma'ana biyu, takarda ba ta da abin cewa, sai an koma ga murya. Ɗalibin da ke nazarin tsofaffin waƙoƙi da labarai daga rubutattun matani kaɗai yana aiki ne da abin da wani ya ji ya zaɓa ya rubuta, da gajiyarsa da kuskurensa duka. A kaset ɗin goggo akwai abubuwan da baffa bai ga dalilin kwafewa ba: kalmomin Fulatanci da ke shigowa tsakiyar Hausarta ba tare da ta lura ba, da yadda take ce wa makarantar boko lekkol da asibiti lopital, da wasu kalmomin rini da ko Kaka sai da ya yi tunani kafin ya tuno ma'anarsu. Hausar mazauna Adamawa ta farkon ƙarnin jiya ke nan a bakin mai ita.

Daga ranar ta buɗe sabon littafi. Kowane kaset da shafinsa: lamba, wanda ke magana ko waƙa, garinsu, harshen da ya yi amfani da shi, shekara ko abin da ya faru a shekarar, da wanda ke wurin. Kaka ba ya riƙe shekarun boko sosai, amma yakan ce wannan shekarar da Ahijo ya sauka ne, sai ta rubuta 1982. Ta gane cewa abin da takardar jikin kwali ta yi wa Tubby Hayes, nan ƙwaƙwalwar mutum ɗaya ce ke yin sa, mutumin kuma ya haura tamanin.

Ta kuma gamu da abin da ba ta zata ba. A wani kaset na biki akwai mata suna waƙa a cikin gida ranar sa lalle, mai ba da waƙar kuwa tana raye, a unguwar bayan kasuwa. Jikar ta kai mata ta ji. Tsohuwar ta yi dariya har da hawaye, ta kira sunayen masu amshi, waɗanda duk sun riga mu gidan gaskiya. Amma da aka ce za a sa a intanet don ɗalibai su amfana, sai fuskarta ta canza.

"A'a 'yata. A cikin gida muka yi ta, mata zalla. Ki ba jikokina su ji, ke ma ki yi karatunki da ita. Ban yarda maza su ji ni a kasuwa ba."

Ta rubuta wannan sharaɗi a shafin, ta ja layi a ƙarƙashinsa. Kamfanonin da ke sake bugu na ƙwarai sukan nemi mawaƙi ko magadansa su yi yarjejeniya kafin su fitar da komai. Matar da ta yi waƙa a tsakar gida ba ta da kamfani ba ta da lauya, amma muryarta tata ce.

Bayan Juma'a biyu saurayin ya dawo. Kafin zuwansa jikar ta ɗauki hoton kowane faifai gaba da baya. Kaka ya ja ciniki kamar yadda ya saba a rumfa, har aka tsaya a jaka ɗari da talatin. Ya riƙe faifai ɗaya na Mamman Shata, ya ce wannan na uwargida ne, ba na sayarwa ba. Saurayin ya naɗe sauran da tsumma, ya jera su a tsaye cikin kwali, ya ɗaure a bayan babur da kulawar da ta ba jikar mamaki. Ta yi tunanin cewa da ba don irinsa ba, da waƙoƙin Kalkaba ma suna can ƙarƙashin gadon wani har gara ta gama da rigarsu.

An yi aikin idon kafin damina ta sauka, aka kuma dace. Abu na farko da dattijon ya nema bayan an cire bandeji shi ne buhun ledar nan, ya riƙa karanta jajayen lambobin da hannunsa ya rubuta shekara hamsin da suka wuce. Daga cikin kaset 64, sun kwafe 51. Tara fumfuna ta cinye su, huɗu ba komai a ciki sai iska. Kwafi ɗaya na kwamfutarta, ɗaya ta ba baffanta a Garwa, ɗaya ta ajiye a katin waya cikin akwatin ƙarfen tare da kaset ɗin na asali, aka kuma ɗaga akwatin daga ƙasa aka ɗora a kan benci.

Saura kaset mai lamba 41. Mace ce ita kaɗai tana waƙa a kan dutsen niƙa, ana jin gurzar dutsen a ƙarƙashin muryarta. Kaka ya saurara sau uku ido a rufe.

"Na san ta. Gidansu na bayan masallaci, mijinta mai sayar da kanwa ne. Sunan na nan a bakina."

"Kaka, jibi zan koma Marwa."

"To bar wurin a buɗe."

Ta bar layin ba rubutu. Ta damƙa littafin da biro a hannun ƙanenta mai shekara goma sha biyu, ta ce masa duk lokacin da Kaka ya kira shi, ko da asuba ne, ya zo da su.